IN JIRGIN FESHI YA FAƊI: AIKIN MANOMI WAJEN GANO DALILI

Malam manomin Dalijan, ba sai an gaya maka ɓarnar jan-baki ba, wato buwa, a gonar gero da dawa da shinkafa. In tsuntsun ya fi ƙarfin gwangwani da majajjawa, sai gwamnati ta aiko da jirgin sama mai feshi, kamar yadda Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a Birnin Kebbi cikin 2020. To, aikin nan yana da haɗari. Matuƙi yakan sauko ƙasa ƙwarai, kuma da almuru ake feshin, lokacin da tsuntsaye suka koma makwancinsu.

ME KAN JAWO HAƊARI?

1. Karo da wayar lantarki, ko dogon ƙarfen sabis na waya, ko itace.
2. Karo da garken tsuntsaye.
3. Lodi fiye da kima. Da zafin rana iska ba ta da kauri, jirgi mai nauyi ba ya tashi sosai.
4. Ƙarewar mai, ko ruwa a cikin mai, ko lalacewar inji.
5. Gajiyar matuƙi, ko hazo.

WA KE BINCIKE?

Aikin Hukumar Binciken Haɗurra ta Nijeriya ne, wato NSIB, wadda dokar 2022 ta kafa a madadin AIB. Ba mai laifi take nema ba, dalili take nema don kada a sake. Ma'aikatanta sukan auna inda jirgi ya fara taɓa ƙasa da yadda tarkace ya watsu. Sukan ɗebi mai su gwada, su duba farfela: yadda ta lanƙwashe shi ke nuna ko inji yana aiki lokacin faɗuwa. Galibin ƙananan jiragen feshi ba su da baƙin akwatin nan mai ɗaukar bayani. Saboda haka idonka da kunnenka su ne shaida.

ABIN DA ZA KA YI

1. Ceton rai shi ne farko. Ka tunkari jirgin ta inda iska ke fitowa, ka rufe hanci da baki, kada wanda ya kunna taba.
2. A sanar da mai gari da 'yan sanda da malamin gona nan take.
3. Kada ka ɗauki ko ƙusa ɗaya. Guntun ƙarfen da yaro zai kai wa maƙeri, wataƙila shi ne amsar binciken duka.
4. Ka riƙe lokacin, da inda jirgi ya fito. Ƙarar inji ta yanke ne kafin faɗuwa? Ka ga hayaƙi tun yana sama? Faɗi abin da ka gani kawai, ban da "an ce".
5. A kore yara da dabbobi daga wurin. Maganin da aka saba fesa wa jan-baki, fentiyon, guba ne mai shiga ta fata. Wanda ya taɓa shi ya tuɓe tufa, ya yi wanka da sabulu. In ya fara zufa, dalala ko amai, sai asibiti maza-maza. Kada a ci tsuntsun da feshi ya kashe.

Rigakafi ya fi magani. Kafin ranar feshi, ka nuna wa malamin gona duk waya da dogon itacen da ke kusa da makwancin tsuntsaye, don a gaya wa matuƙi.