Sabuwar Waya a Cikin Hunturu

Daga ƙarshen watan Nuwamba iska takan juya. A da daga kudu take tasowa ɗauke da damshin teku, yanzu kuwa sai ta riƙa busowa daga arewa maso gabas, ta ratso Sahara a bushe ƙayau. Ita ce iskar hunturu, kuma takan kai har cikin Maris kafin bazara ta karɓe ta. Kaso mai yawa na farar ƙurar da take kawowa daga wani kwari yake tasowa a arewacin Chadi, ana kiransa Bodele. A zamanin da, ƙasan wani babban tafki ne. Ruwan ya janye, ya bar busasshiyar laka mai laushi. Idan iska ta kwashe ta, cikin 'yan kwanaki sai Maiduguri da Damagaram da Kano su wayi gari cikin hazo, wani lokaci har jirage su kasa sauka a filin jirgin sama na Malam Aminu Kano.

Duk da haka, mutane da yawa ba su da lokacin da suke so kamar wannan. Sauro ya ragu, barci ya yi daɗi, an gama kaka, rumbu ya cika. Da safe a sha koko da ƙosai mai zafi, ko a ci ɗumamen tuwo da miyar kuka, wanda masu iya ci suke cewa ya fi na daren daɗi. Teburin mai shayi ba ya rabo da jama'a tun asuba. Rake ya shigo gari. Nan gaba kaɗan tumatur da tattasai da karas na noman rani za su fara fitowa daga Kadawa da Kura, farashin kayan miya ya sauko. 'Yan dambe suna zaga garuruwa, a Nijar kuma hankalin kowa yana kan gasar kokawa ta cin takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975. Kaushi da faso da tsagewar leɓe su ne harajin da ake biya, maganinsu kuma bai wuce man kaɗanya da shan ruwa sosai ba, ko da mutum ba ya jin ƙishirwa.

Lokacin biki ne kuma. Iyalai da yawa suna ajiye aure sai bayan kaka, lokacin da akwai abin hannu kuma babu ruwan sama da zai watse taro. Kiristoci a Jos da Kaduna da Sabon Garin Kano suna shirin Kirsimeti na 25 ga Disamba da sabuwar shekara. Ga kuma azumi yana ƙara matsowa cikin sanyi. Shekarar Musulunci kwana 354 ce ko 355, ta Bature kuwa 365, saboda haka Ramadan yana gabatowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2025 an ɗauki azumi a farkon Maris. A 2030 sau biyu za a ɗauka, ɗaya a farkon Janairu, ɗaya a ƙarshen Disamba. Rabon da a yi azumi a tsakiyar sanyi irin wannan tun wajen shekarar 2000, wato akwai magidanta masu 'ya'ya da ba su taɓa ɗanɗana shi ba.

A cikin wannan hidima ne mutane da yawa suke sayen babbar waya ta farko, wadda ake shafawa. Manomi ya sayar da riɗi ko waken suya ya ware kuɗinta, ango ya saka ta a lefe, ɗa ya aiko wa mahaifiyarsa daga Legas.

Ranar saye

A Kano, kasuwar waya ta Farm Centre da titin Beirut su ne matattara. Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a, Tecno da Infinix da itel, duk kamfani ɗaya ne yake yin su, wato Transsion na birnin Shenzhen a ƙasar Sin. Mai saye ba ya buƙatar sanin duk abin da aka rubuta a kwali, amma akwai abu ɗaya da bai kamata ya bar shago bai duba ba. Kowace waya tana da lambarta ta shaida mai alƙaluma 15, ana kiranta IMEI. Idan aka danna *#06# za ta fito a fuskar wayar. Sai a gwada ta da wadda take jikin kwali. In sun saɓa, akwai magana. In sun dace, sai a nemi mai shago ya rubuta ta a rasit, a kai rasit da kwali gida a adana. Wanda ya sayi waya ta hannu a bakin titi babu rasit, don an yi masa araha, yana iya samun kansa a ofishin 'yan sanda yana bayanin wayar da aka ƙwace wa wani.

Layi ma sai an yi masa rajista da sunan mai shi. Tun Disamban 2020 gwamnatin Najeriya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, mai alƙaluma 11. Layin da aka saya da rajistar wani ba naka ba ne ko da ka shekara goma da shi, in ji masu sana'ar, domin ranar da ya ɓace ba za a sabunta wa kowa shi ba sai wanda sunansa yake kai.

Hukumar sadarwa ta NCC ta sauƙaƙa wa masu koyon karatu wani abu a 2023, da ta sa duk kamfanonin layi suka koma amfani da lambobi iri ɗaya. Ko MTN ne ko Airtel ko Glo, *310# yana nuna sauran kuɗin kira, *312# na sayen data ne, *323# kuma yana nuna sauran data. Lambobi uku ke nan, ana iya rubuta su a bangon littafi har su zauna a ka.

Ƙura da wuta

Sanyin ƙasar Hausa bai kai ya lalata waya ba. Ƙura ce abokiyar gabarta. Tana shiga ramin caji ta dunƙule a ciki, har a wayi gari caja ba ta kamawa sai an karkata ta ko an danne da dutse. Mutane da yawa sun biya kuɗin gyara, ko sun sayi sabuwar caja, alhali datti ne kawai. Maganin shi ne a kashe wayar, a sa tsinken sakace na itace a tono ƙurar a hankali. Ba a sa allura ko fil, domin ƙarfe yana lalata ƙananan haƙoran da suke ciki. Idan murya ta fara fita a shaƙe, sai a goge ramukan lasifika da busasshen burushin haƙori. Fuskar waya kuwa a fara hure ƙurar kafin a goge da ƙyalle mai laushi, don yashin da yake cikinta yana karce gilashi. Mai sola a gida ma ya riƙa share farantinsa kowace safiya, saboda hazo da ƙura suna rage masa ƙarfi.

Abu na biyu shi ne zafi, kuma a nan ne hunturu yake yaudarar mutane. Batirin babbar waya ba ya son zafi ko kaɗan. Mutum zai zauna jin ɗumi a gaban wuta, ya ajiye waya a gefen murhu. Wani zai jona ta a caji ya tura ta ƙarƙashin matashi ko cikin bargo ya yi barci. Waya tana ɗaukar zafi idan tana caji, in ba ta sami iska ba batir yana kumbura, wani lokaci ma ya kama da wuta, ga shi a wannan lokaci komai a bushe yake, katifa da labule ba sa jira. Duk batirin da ya kumbura har ya ɗaga bayan waya, a daina amfani da shi nan take. Batir ya fi daɗewa idan ba a bari yana mutuwa gaba ɗaya, wato a jona shi idan ya sauko wajen kashi 20 cikin 100.

Tunda an zo maganar ɗumi, akwai abin da ya fi waya muhimmanci. Garwashin gawayi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga yana fitar da wata iska mai guba, ba ta da wari, ba ta da launi. Tana sa ciwon kai da jiri da barci mai nauyi, kuma tana kisa. Janareta ma haka yake. Kaskon wuta a fitar da shi kafin a kwanta. Lambar neman agajin gaggawa a Najeriya ita ce 112, kuma kyauta ce.

Aikin da take yi a gidan biki

Idan biki ya matso, waya tana rage zirga-zirga ƙwarai. Uwargida a Funtuwa za ta ga kalolin atamfa daga Kantin Kwari ta WhatsApp, ta zaɓi anko ba tare da ta hau mota ba. Sai dai hasken hoto yana canza launi, don haka gara a nemi mai shago ya ɗauka a waje da rana. Wurin tela ma tana da amfani: a tura masa hoton ɗinkin da ake so, a sa ya faɗi ranar karɓa da kuɗin aiki a saƙon murya. Saƙon ba ya ɗinka riga, amma yana rage musu a daren Sallah. Wanda yatsansa bai saba da rubutu ba, saƙon murya ya ishe shi gayyatar dangi. Wanda kuma yake son gwada hannunsa a rubutu, manhajar rubutu ta Gboard tana da Hausa, da ƙ da ɗ da ɓ, yadda ba za a rikita ƙasa da kasa ba.

Data kuwa bidiyo ne yake cinye ta. Zauren dangi a WhatsApp yana iya turo bidiyon kamu da na ɗaurin aure guda ashirin a yini, wayar kuma ta sauke su duka da kanta. A cikin saitin manhajar akwai wurin hana wannan, yadda ba abin da zai sauka sai wanda aka taɓa. Yaro ɗan sakandare zai gyara shi cikin minti ɗaya.

Inda karatu ya fi yin rana shi ne wajen kuɗi. Lambar asusun banki alƙaluma 10 ce. Idan aka shigar da ita, sunan mai asusun yana fitowa kafin kuɗi su tafi, kuma wanda ya iya karanta sunan nan ya tsira daga tura gudunmawar biki ga baƙon da bai sani ba. Mai sayar da kaji ko shinkafa kuma kada ya saki kaya don an nuna masa hoton rasit, ko don saƙo ya shigo, domin akwai alat na bogi. Ya duba asusunsa da kansa ya ga kuɗin sun ƙaru.

'Yan damfara sun san lokacin da kuɗi suke yawo, kuma sun iya Hausa, sun iya gaisuwa. Wani zai kira ya ce: "Ranka ya daɗe, daga banki ne, za a rufe asusunka yau in ba ka karanto mana lambar da muka turo ba." Wani zai ce wa dattijuwa: "Hajiya, an saka ki a tallafin gwamnati, lambobi shida za su shigo yanzu, ki faɗa mini." Lambobi shidan nan su ne mabuɗin WhatsApp ɗinta. Da zarar ta faɗa, sai ya shiga da sunanta ya bi 'ya'ya da ƙanne yana roƙon kuɗin asibiti. Babu bankin da yake tambayar lambar sirri ta kati ko lambar da ya turo ta waya. Amsa ɗaya ce, a kashe kiran. Idan saƙo ya zo daga ɗan'uwa yana neman kuɗi da gaggawa, a kira shi a ji muryarsa tukuna.

Saura cunkoso. Kasuwar jajibere, tashar mota, filin idi da wurin kallon hawa, nan ne waya take barin aljihu. Shi ya sa tun ranar farko ake saka mata makulli, ko na lambobi ko na zanen yatsa, kuma ba shekarar haihuwa ko 1234 ba. Layin ma ana iya saka masa nasa makullin, domin ɓarawo ya fi son layi a kan wayar: da shi yake shiga asusun banki. Idan abin ya faru, banki ake fara sanarwa a rufe asusu, sannan a ari wayar wani mai irin layin a kira 300 a nemi kamfani ya toshe shi. Bayan haka sai a ɗauko rasit ɗin nan mai lambar IMEI a kai rahoto ofishin 'yan sanda, a wuce ofishin kamfanin layi da katin NIN a karɓi sabon sim mai tsohuwar lamba.