Ta Ina Wayar Eriya Za Ta Shiga Gida?

Akwai mutanen da sha'awarsu ita ce kafa rediyo a gida su riƙa magana da takwarorinsu na nesa. Ba kuɗi suke nema ba, kuma sai da lasisin hukuma. Na Nijeriya lambar kiransu kan fara da 5N, na Nijar kuwa da 5U. Dominsu aka yi wannan takarda, amma duk wanda ya kafa doguwar eriya a kan rufinsa, shi ma ya kasa kunne.

Abin da aka saba yi shi ne a sauko da waya daga rufi, a zura ta ta tagar da ta fi kusa da tebur, a ce an gama. Wannan ganganci ne. Hanyar da murya ke bi ta shigo ɗaki, ita tsawa za ta bi. Aradu guda takan ɗauko wutar da ta kai amfiya 30,000, kuma ba sai ta faɗa kan eriyarka ba. Ko a bishiyar maƙwabci ta sauka, wayarka na iya kwaso abin da zai ƙone na'ura.

To, ga yadda ake yi. Wayar ta biyo bango ta waje har kusa da ƙasa, sannan ta shiga. A daidai nan ake buga sandar ƙarfe mai rufin jan ƙarfe, tsawonta mita 2.4, har ta nutse. Wayar eriya tana da zare a tsakiya, da saƙaƙƙiyar riga ta ƙarfe a kewaye. Ana ratsa ta cikin ɗan akwatin kariyar tsawa, shi kuma a haɗa shi da sandar da waya mai kauri, gajera, miƙaƙƙiya, domin kowace lanƙwasa tana rage wa wutar saurin wucewa ƙasa.

Ga kuma inda har masu ilmin abin ke tuntuɓe. Gidan da aka yi wa wayarin na kirki yana da tasa sandar kusa da mitar wuta. Wajibi ne a haɗa sandunan biyu da waya mai kauri ta waje. In an bar su a rabe, ranar da tsawa ta faɗi wutar za ta nemi hanya daga wannan sanda zuwa waccan, hanyar kuwa ita ce rediyonka da wayoyin cikin ɗaki. Shi ya sa mashigar da ta fi ita ce ta kusa da mitar, ko da ɗakin rediyo na can ƙurya. A kira mai wayarin ya duba tukuna, don ba kowane gida ne aka sa wa sandar ba.

Wani zai ce zagayen nan ai ƙarin tsawo ne, tsawo kuwa cin ƙarfi yake yi. Gaskiyarsa. Siririyar waya irin RG-58, in ta kai mita 30 a zangon 144 MHz, fiye da rabin ƙarfin zai salwanta a hanya. Maganin wannan shi ne sayen mai kauri, irin RG-213. A gajeren zango kuwa asarar ba ta taka kara ta karya ba.

Sai maganar ruwa. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, kuma kowane magini ya san bangon gabas ne ke shan duka. In da hali a kauce masa, a kuma nisanci ƙarƙashin indararo. A huda ramin da gangara, bakin waje ya fi na ciki ƙasa, a sa guntun bututun roba. Kafin wayar ta shiga, a bar ta ta ɗan sauka ƙasa da ramin sannan ta hau, don ruwan da ya biyo ta ya ɗige a waje. A toshe bakin bututun sosai, in ba haka ba zanzaro zai yi gini a ciki, tururuwa ta mai da shi hanya. Kada a huda saitin soket, akwai wayar wuta a cikin bangon. Kada kuma a bar wayar tana gogar bakin kwano, kafin damina biyu ya yanke ta.

Wanda ke gidan haya, mai gida ya hana huda bango, sai ya yanko katako daidai faɗin taga, ya huda shi, wayar ta bi ta nan, amma bayan ta sauka ta gaisa da sandar ƙasa. Da an ga gabas ta yi baƙi kuwa, a cire wayar daga rediyo tun kafin a fara cida, a nisanta ta da na'ura. In walƙiya ta riga ta fara, kada a taɓa ta.