Inshorar Mai Tattakin Ibada: Abin da Ya Kamata a Duba Kafin a Biya

Yawancin masu zuwa ofishinmu neman inshorar tafiya ƙasar waje, tambayarsu ta farko ita ce wacce ta fi araha. Ba na ganin laifinsu, don tikiti da kuɗin biza sun riga sun tatse aljihu. Wanda zai je taron kwana biyar ya zauna a otal, mai arahar tana iya isarsa. Amma wanda zai goya jaka ya yi makonni yana tattaki a ƙasar da ba ya jin harshenta, lamarinsa daban ne. Dillancin inshora ne sana'ata, kuma abin da ya fi damuna shi ne yadda irin waɗannan matafiya ke sayen takardar da za ta gamsar da ofishin jakadanci, su manta cewa jikinsu ne zai yi tafiyar.

Bari in ɗauki hanyar Santiyago ta ƙasar Sifaniya, wadda Kiristoci suka shafe fiye da shekara dubu suna bi zuwa babban cocin da ake danganta shi da kabarin Yaƙubu, almajirin Annabi Isa. Reshenta da ya fi shahara yana farawa daga garin Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa, ya tsallaka tsaunukan Firenis, ya ratsa Pamplona da Burgos da Leyon, ya ƙare a Santiyago bayan kusan kilomita 800. Mai ƙarfin ƙafa kan yi kwana talatin zuwa talatin da biyar. A 2024 kusan mutum rabin miliyan suka karɓi takardar shaidar kammalawa, wadda ake ba duk wanda ya taka aƙalla kilomita 100 na ƙarshe, shi ya sa da yawa ke farawa daga garin Sarriya.

Ɗan Najeriya ko ɗan Nijar da zai bi wannan hanya sai ya nemi bizar Shengen, kuma dokar bizar ta wajabta inshorar da ba ta gaza Yuro 30,000 ba, wadda ta ƙunshi jinyar gaggawa, kwanciya asibiti, da mayar da mara lafiya ko gawa gida, a duk ƙasashen yankin, tsawon kwanakin zama. A nan mutane ke tsayawa. Da an buga musu biza sai su ɗauka magana ta ƙare. Alhali Yuro 30,000 mafi ƙarancin abin da doka ta yarda da shi ne. Karayar cinya da tiyata, da kwanaki a gadon asibiti, da kujerar jirgi ta musamman tare da ma'aikacin jinya mai rakiya, suna iya cinye kaso mai tsoka daga ciki kafin a farga. Ni dai idan mutum yana da hali, ina ba shi shawarar ya haura wannan adadi sosai, don bambancin kuɗin da zai biya bai taka kara ya karya ba.

Abu na farko da nake buɗewa a kowace takarda shi ne adadin kwanaki. Akwai inshorar shekara guda da 'yan kasuwa ke so, wadda ke ba ka damar fita sau da yawa, amma a ƙananan rubutu an ce kowace fita kada ta wuce kwana talatin. Mai tattaki ya ga "shekara guda" ya natsu, sai ga shi a rana ta talatin da biyu yana hawan tudun O Sebireiro ba tare da wata kariya ba. Ko mai sayen ta fita ɗaya, kada ya auna kwanakin daidai wa daida. Bororo a tafin ƙafa ko kumburin jijiyar dunduniya kan kwantar da mutum kwana biyu ko uku a masauki. A ƙara mako guda a sama, a kuma tambaya tun a gida ko ana iya tsawaita takardar daga can, don wasu kamfanoni ba sa yarda da zarar ka bar ƙasa.

Na biyu shi ne yadda kamfanin ya ɗauki tafiyar ƙafa kanta. Wasu takardun sun sa doguwar tafiya a tsauni cikin jerin wasanni masu haɗari, tare da hawan dutse da igiya, wasu kuma sun yanka iyakar tudun da suka yarda ka hau. Ranar farko daga Saint-Jean zuwa Ronsesbayes kimanin kilomita 25 ce, kuma ana haurawa sama da mita 1,400. Wurin da ya fi tsawo a duk hanyar, wajen gicciyen ƙarfe na Kurus de Fero, ya kai kimanin mita 1,500. A rubuta wa kamfanin waɗannan alƙaluma, a nemi amsa a rubuce. Sai kuma kuɗin ceto. Idan mutum ya yi targaɗe a inda mota ba ta shiga, ɗauko shi da jirgi mai saukar ungulu ko tawagar masu ceto wani sashe ne da ba kowace takarda ke ɗauke da shi ba. Hukumomin lardin Nabara suna rufe hanyar kan tsaunin ta Saint-Jean zuwa Ronsesbayes daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris, a koma bin ta Balkarlos. Wanda ya yi kunnen ƙashi ya bi rufaffiyar hanya ya maƙale cikin dusar ƙanƙara, kada ya sa ran kamfani zai biya masa ko sisi.

Inda na fi daɗewa da abokan ciniki shi ne batun tsohon ciwo. Wani dattijo, malamin makaranta mai ritaya, ya zo cike takarda don wannan tafiya. Da muka kai layin da ake tambayar ko kana shan wani magani kullum, sai ya ja tsaki a hankali ya ce, "Ɗana, rubuta babu. Ɗan hawan jini ne kawai, ƙwaya ɗaya da safe."

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, wannan ƙwaya ɗayar ita za mu rubuta. Idan Allah Ya kiyaye kuka yanke jiki a hanya, likitan can zai ga maganin a jakarku ya sa a rahotonsa. Kamfani na ganin haka zai ce kun ɓoye, ya janye hannunsa daga komai."

Ya yi shiru yana juya hularsa a gwiwa, sannan ya zaro kwalin maganin daga aljihu ya ajiye a kan tebur, har da wani na biyu, na ciwon suga, da bai ambata ba. Muka rubuta duka. Kuɗinsa ya ƙaru, an kuma nemi takardar likita da ke nuna yana iya tafiyar. Na fi son a ji zafin ƙarin kuɗin a ofis da a ji zafin ƙin biya a gadon asibiti. Mai hawan jini, mai suga, mai asma, da musamman mai sikila, wanda ƙishirwa da gajiya da sanyi ke tayar wa da ciwo, kowa ya faɗi gaskiya. A kuma duba iyakar shekaru, don takardu da dama suna rage abin da suke biya ko su ƙara kuɗi ga wanda ya haura sittin da biyar ko saba'in.

Masu zuwa tattakin Arba'in a Iraƙi suna da wata matsalar ta daban. Daga Najaf zuwa Karbala kimanin kilomita 80 ne, ana yin sa cikin kwana biyu zuwa uku ana ƙirga turakun da aka yi wa lamba a gefen titi, don a isa kafin 20 ga Safar. A shekarun nan lokacin yana faɗowa cikin Agusta, sa'ad da zafi ke haura digiri 45. Rumfunan masu hidima suna ba da abinci da ruwa da maganin gaggawa kyauta, wannan karamci ne da ba a musu a kansa. Sai dai rumfa ba za ta biya tiyata ba, ba za ta mayar da mara lafiya Kano ko Yamai ba. Kuma takardar da aka rubuta wa "duk duniya" sau da yawa tana da jerin ƙasashen da aka cire, tare da duk abin da ya shafi yaƙi ko harin ta'addanci. A tabbatar sunan Iraƙi ya fito ɓaro-ɓaro a cikin takardar. Ina jin ruɗanin yana tasowa ne daga sabo da bizar Umara, wadda ke zuwa da inshorar lafiya a cikin kuɗinta, sai mutane su zaci ko'ina haka ne.

Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba yana iya neman takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, wanda hukumar inshora ta Najeriya, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013. Tambayoyin dai ba su canza ba. Ko wanne ka zaɓa, ka tabbatar kamfanin yana da lasisin hukumar.

Batun ɓatan jaka da jinkirin jirgi, wanda 'yan talla suka fi kambamawa, bai dame ni sosai ba. Mai tattaki riga biyu da takalmi da sanda yake ɗauke da su. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne yadda ake biya. Kamfanin zai biya asibiti kai tsaye ne, ko kai za ka fara biya ka dawo ka nemi haƙƙinka? Idan na biyun ne, da wane kuɗi za a mayar maka, kuma a kan canjin wace rana? Wanda ya kashe Yuro aka mayar masa da naira bayan wata uku ya san asarar da ke ciki. Nawa ne kason farko da za ka biya daga aljihunka a kowace jinya? Katin lafiyar da Turawan da kuke tafiya tare ke nunawa a asibitin gwamnati na mazauna can ne, kai takardar biyan kuɗi za a miƙo maka.

Lambar gaggawa a Sifaniya da Faransa 112 ce. Bayan ita, kira na biyu na layin taimakon kamfaninka ne, kuma yawancin takardu sun shar'anta a sanar da su kafin a kwantar da kai ko cikin ɗan lokaci kaɗan bayan haka. Ka gwada layin tun kana gida ka ji ko ana ɗauka da dare. Ka rubuta lambar layin da lambar takardarka a ƙaramin kati, ka sa cikin leda tare da fasfo, don waya kan mutu a hanya. Ka bar kwafi a hannun wani a gida wanda zai iya magana a madadinka. Duk rasit, ko na kantin magani ne, da duk rahoton likita mai hatimi, ka ɗauki hotonsa a ranar da aka ba ka, ka kuma duba wa'adin da kamfanin ya yanka na shigar da buƙatar biya bayan dawowa, don wasu wata guda kacal suke bayarwa.