Yadda Ake Neman Aure a Gwange, Daga Zance Zuwa Sa Rana

Ƙanena ya nemi aure a unguwar Gwange da ke Maiduguri 'yan watanni bayan ambaliyar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar ruwan Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya yi ambaliya cikin gidajen mutane. Ni na raka baffanninmu. A zauren da aka shimfiɗa mana tabarma, shatin ruwan yana nan a bango, ya kai ƙirjin mutum. Ga matakan da muka bi.

Da farko, nemi izinin zance. Hirar waya ba ta isa ba, tsayuwa a lungu kuma zubar da mutuncin yarinya ne. Ka bi ta hannun yayanta ko kawunta, ka tambaya ko an yi mata miji, domin shari'a ta hana nema a kan nema. Ita ma ka ji daga bakinta cewa ta yarda.

Na biyu, bincike. Dangin yarinyar za su tambayi limaminku da bulaman unguwarku, kai ma ka tambayi nasu.

Na uku shi ne wanda na fi damuwa da shi: ku yi gwajin jini kafin manya su shiga maganar. Idan kai da ita duk kuna da rukunin AS, kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 a haifi mai ciwon sikila. Na ga yadda uwa take kwana zaune tana gasa wa ɗanta gaɓoɓi da ruwan ɗumi, ba na yi wa kowa fatan haka. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri ba shi da nisa da Gwange, ku haɗa da gwajin ƙanjamau da ciwon hanta. Jihar Kano ma ta mayar da gwajin doka a 2024. Mutane da yawa sai rana ta matso suke yi, alhali in goro ya riga ya zaga unguwa, janyewa tana da wuyar gaske, kunya sai ta sa a rufe ido.

Na huɗu, tura manya. Saurayi ba ya zuwa. Baffanni da kawunnai ne za su je da goro da alewa da kuɗin gaisuwa. Babban baffanmu, bayan doguwar gaisuwa da jajen ruwa, sai ya ce, "Alhaji, iri muka zo nema wa ɗanmu a gidanka." Kada ku sa ran amsa ranar, za a ce a ba su lokaci su yi shawara. In gidan Barebari ne, kamar yawancin gidajen Maiduguri, akwai al'adunsu irin ra'aki da wushe-wushe, wasu kuma da zinare suke yanka sadaki. Samu dattijuwa daga cikinsu ta karanta maka komai tun da wuri.

Na biyar, sadaki da sa rana. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, sauran daidai ƙarfi. A nan a faɗi gaskiya. Baffa bai ɓoye ba cewa ruwa ya ci shagon ɗinkin yaron, keke ɗaya ya tsira da shi. Mahaifin yarinya ya yi shiru, ya ɗaga kai ya dubi bangon nan, ya ce, "Malam, ruwan da ya ci ku shi ya ci mu. Ku kawo abin da ya sawwaƙa." Aka tsayar da lefe akwati uku: atamfa, laffaya, humra da turaren wuta, duk daga Monday Market. Kada a ja ranar da nisa, tsegumi yake jawowa. Tamu an sa ta sati biyu kafin azumi, liman ya shafa fatiha, yara suka yi wawar alewa a ƙofar gida.