Ki Karɓi Kujerar, 'Yata

'Yata, labari ya iso mini cewa an sa sunanki a kwamitin da zai riƙa bitar yadda ake kula da masu raunuka a asibitinku, kuma kina ja da baya. Wai kin ce aikin sashen gaggawa kaɗai ya ishe ki, ga shi kuma kina gudun abokan aiki su riƙa yi miki kallon mai kai tsegumi ofis. Na fahimci wannan tsoro, domin yana da tushe. An saba a asibitocinmu, idan majinyaci ya rasu aka kira taro, to wanda za a ba takardar tuhuma ake nema, kuma galibi a kan ƙaramin ma'aikaci take sauka. Duk da haka ina so ki karɓi kujerar nan. Ki ba ni aron kunnenki, tunda na riga ki tsayuwa a bakin gadon waɗanda mota ta kaɗe.

Bari in fara da abin da ya fi nauyi a zuciya. Idan aka rufe mutum da mayafi, mukan ce kwanansa ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Babu likitan da zai ƙara wa rai daƙiƙa ɗaya a kan abin da Allah ya rubuta. Sai dai wasu sukan ɗauki wannan kalma mai kyau su rufe bakin tambaya da ita. Kwamitin da aka kira ki ba ya binciken ajali, wannan ba hurumin kowa ba ne. Aikin hannunmu yake dubawa: amanar da aka ɗora mana a kan wannan bawan Allah, mun sauke ta ko da saura? Tun muna makarantar allo malamai suka koya mana cewa riƙo da sababi ba ya warware tawakkali. Mai yarda da ƙaddara shi ya fi cancanta ya duba aikinsa ba tare da firgita ba, domin ya san rai ba a hannunsa yake ba, abin da za a tambaye shi a kai shi ne ƙoƙarinsa.

Kin san irin majinyacin da nake nufi. Saurayi ɗan acaba, an kawo shi a adaidaita sahu, yana magana, yana ma neman a kira masa yayansa a waya. Ƙafarsa ta karye, kowa idonsa na kan ƙafar. Bayan awa huɗu sai ya yi sanyi, ciki ya kumbura, kafin a samo jini a buɗe ɗakin tiyata ya cika. Saifarsa ce ta fashe tana zubar da jini a ciki. A irin wannan rasuwa ba kasafai ake samun mutum guda da za a nuna da yatsa ba. An gwada jininsa sau ɗaya da isowarsa, ba a sake ba, domin nas biyu ne a kan gado ashirin. An rubuta hoto, mai ɗaukar hoto yana jiran rasit, mai karɓar kuɗi ya fita salla. An nemi jini, aka ce sai 'yan uwa sun kawo wanda zai bayar. Kowa ya yi jinkirin minti ashirin da yake da uzuri a kai, jinkirin ya taru ya zama awa huɗu. Idan ba a zauna an jera waɗannan lokuta ɗaya bayan ɗaya ba, babu wanda zai ga awa huɗun nan, kuma mako mai zuwa wani saurayin zai bi ta hanya ɗaya.

Kada ki ɗauka wannan aiki na asibitocin Turai ne masu yalwar kuɗi. A 1998 Dokta Charles Mock da abokan aikinsa suka fitar da wani bincike da ya kwatanta manyan da suka ji mummunan rauni a birane uku. A Siyatil ta Amurka kashi 35 cikin ɗari suka rasu, a Monterrey ta Meziko kashi 55, a Kumasi ta Gana kashi 63. Mafi yawan wannan tazara a kan hanya take faruwa, kafin a iso ƙofar asibiti, amma akwai rabon da ya faɗo a cikin gida. Likitocin asibitin koyarwa na Komfo Anokye a Kumasin ba su ɓoye fuska ba. Suka kafa kwamiti ya bi fayilolin waɗanda rauni ya yi ajalinsu a 2007, suka samu cewa kusan ɗaya cikin huɗu an yi sakacin da tabbas za a iya kauce masa, wani kaso mai yawa kuma mai yiwuwa ne da an cece su. Suka buga sakamakon kowa ya gani. Bayan shekara goma suka sake irin wannan bita, suka tarar kason farkon nan ya ragu sosai. Kumasi ce fa, garin da 'yan uwanmu suka cika zango, da irin motocinmu da irin talaucinmu.

Misalin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi kafa hujja da shi a jagorar da ta fitar kan wannan aiki a 2009 shi ne asibitin Khon Kaen a arewa maso gabashin Tailan. Sun fara da rajistar masu rauni, suka riƙa bitar kowace rasuwa. Suka gano ba a farfaɗo da masu zubar jini yadda ya kamata, ana kuma jinkirin tiyatar masu raunin kai. Gyaran da suka yi bai wuce ƙarfin kowa ba: rediyon oba-oba don ma'aikata su riƙa samun juna, ajiye ƙwararren likitan tiyata a sashen gaggawa a lokutan da haɗari ya fi yawa, da horar da sababbin likitoci kafin su kama aiki. Mace-macen masu raunin da aka kwantar ya sauko daga kashi 6.1 zuwa 4.4 cikin ɗari. Lambar tana da ƙanƙanta a ido, amma a kowane mutum dubu da aka kwantar, goma sha bakwai ke nan suka koma gida wurin iyalinsu.

Yanzu ga inda nake so ki fi mayar da hankali, wato rubutu. Na san yadda ake raina rajista. Mutum yana fama da jini har gwiwar hannu, wa yake ta biro? To amma kwamiti ba shi da ido sai abin da kuka rubuta. Lokacin isowa, lokacin da aka fara gwada bugun jini da numfashi, lokacin da aka kira likita da lokacin da ya iso, lokacin da aka nemi jini da lokacin da aka ɗaura shi, lokacin da wuƙa ta taɓa fata. Ki sa a rataye agogo mai aiki a bangon ɗakin farfaɗowa, kowa ya riƙa duba shi shi kaɗai. Kuma ina roƙonki da girman Allah, kada ki taɓa cike gurbi da ƙiyasi don fayil ya yi kyau. Idan ba a gwada ba, ki rubuta ba a gwada ba. Gurbin da aka bari a fili yana koyar da kwamiti wani abu, lambar ƙarya kuwa tana ɓatar da shi, har ya je ya gyara inda ba a nan ɓarakar take ba.

Za ki ji ana maganar ma'aunai da ake tace fayiloli da su. Kada sunan ya ruɗe ki, tambayoyi ne kai tsaye. Mai raunin ciki wanda awon jininsa ya faɗi ƙasa da 90, an shiga da shi tiyata cikin awa ɗaya? Wanda ya suma saboda raunin kai, an kare masa hanyar numfashi kafin a bar shi? Karayar da ƙashi ya huda fata, an wanke ta a ɗakin tiyata da wuri, an ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta da allurar tetanus? Shawarata kada ku kwaso ashirin. Ku zaɓi uku ko huɗu da suka dace da irin raunin da ake kawo muku, ku riƙe su shekara guda.

Sai zaman taron kansa, wanda a nan ne tarbiyyarmu takan taimaka, takan kuma hana. An yi mana tarbiyya da kunya da girmama na gaba, kuma ba zan ce ki zubar da ita ba. Amma idan babban likita ya fara magana ya ce babu abin da za a iya yi, to taro ya tashi ke nan, domin babu ƙaramar nas da za ta ɗaga hannu ta ce, ranka ya daɗe, an kira ka ƙarfe ɗaya ka iso ƙarfe uku. Saboda haka ki nemi shugaban kwamiti a keɓe, cikin ladabi, ki ba shi shawara a riƙa fara jin ta bakin ƙanana, manya su yi magana daga ƙarshe. A cire sunayen ma'aikata daga takardar da za a karanta. Tambayar da za ta riƙa zagaya ɗakin ita ce me ya hana, domin da zarar an ce wa ya yi, kowa zai kama kare kansa, gobe kuma fayiloli za su fara ɓacewa. Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Idan kuwa aka ci karo da ganganci na fili, kamar wanda ya bar bakin aiki ya tafi sabgarsa, wannan yana da tasa hanyar ta hukunci a ofishin shugabanni. Kada a haɗa su a zama ɗaya.

Kuma ki duba waɗanda ba a gayyata ba. Mai tura gado ya san wace ƙofa ake kullewa da dare har sai an zagaya da majinyaci ta bayan gini. Mai kula da janareta ya san daren da mai ya ƙare. Ma'aikacin ma'ajiyar jini, mai ba da magani, mai karɓar kuɗi, direban motar asibiti, duk suna riƙe da wani yanki na labarin. Ki sa a kira su, a ba su kujera, a kira su da Malam da Baba kamar yadda ya dace. Za ki sha mamakin abin da zai fito daga bakinsu.

Maganar kuɗi ba za ta ƙi tasowa ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi ba mutum taimakon gaggawa ko da wane dalili, dokar 2017 kuma ta wajabta a kula da wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Mu da muka yi aikin mun san akwai tazara tsakanin doka da ƙarfe biyun dare. Kwamiti zai iya rage tazarar da abu mai sauƙi: akwati a ɗakin farfaɗowa mai ɗauke da ruwan ƙari, manyan allurai, bandeji da robar ƙirji, a yi amfani da su nan take, lissafi ya biyo baya. A cikin akwatin nan a ajiye allurar taranekzamik asid. Babban gwajin CRASH-2 da aka fitar a 2010, wanda ya haɗa majinyata sama da 20,000 a ƙasashe 40 har da Najeriya, ya nuna tana rage mutuwa ga masu zubar jini, daga baya kuma aka tabbatar amfaninta yana cikin awa uku na farko bayan rauni. Magani ne mai araha. Idan yana kulle a kantin magani sai an kawo rasit, awa ukun za su wuce a kan layi. Akwai kuma takarda mai shafi ɗaya da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, wadda ake karantawa da ƙarfi kafin a bar majinyaci: an juya shi an duba bayansa, an duba ƙashin ƙugu, jikinsa bai yi sanyi ba, an ba shi maganin ciwo? Ku buga ta ku liƙa a bango.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan kwamitoci shi ne a yi magana mai daɗi a watse. Kowace shawara da aka yanke a rubuta sunan wanda zai aiwatar da ita da ranar da zai kawo bayani, kuma taro na gaba ya fara da ita kafin a buɗe sabon fayil. Bayan wata uku a koma rajista a ga ko lokacin jiran jini ya ragu da gaske. Idan bai ragu ba, a sake dabara. Wasu matsalolin sun fi ƙarfinku, kamar ƙarancin ma'aikata ko rashin na'urar hoton kai. A nan ma rajista ce makaminku, domin shugaban asibiti yana iya kawar da kai daga koke, amma da wuya ya kawar da kai daga jerin majinyata da lokuta na wata shida.

Abin da kika ji a ɗakin nan kuwa amana ne. Ba na hirar ɗakin canza kaya ba ne, ba na gida ba ne, ko ga maigidanki. Hoton rauni ko na fayil kada ya shiga wayarki, balle ya faɗa WhatsApp. Mamacin ɗan wani ne, abokiyar aikin da ta faɗi gaskiya a gabanku kuma ta yi ne don ta yarda da ku.

Idan kun zauna da gindinku, ku waiwayi ƙananan asibitocin da suke turo muku majinyata. Nas ɗin da ke can ƙauye ta ɗora mutum a mota ba ta sake jin labarinsa, ba ta san ko ɗaurin da ta yi ya tsayar da jinin ba, ba ta san da ta sa allura biyu maimakon ɗaya da ya iso da sauran ƙarfi ba. Ki karɓi lambar wayar kowane asibitin da ke turo muku, ki riƙa kiransu idan an gama bita. Ki fara da godiya da abin da suka yi daidai, sannan ki faɗi abu ɗaya da za su ƙara, ki kuma ba su lambar sashenku don su riƙa bugowa tun motar ba ta tashi ba, ku tanadi gado da jini kafin ta iso.