Yadda A Ke Kafa Rumbun Rubutu Marar Kai

'Yan'uwana ɗalibai, malaman gobe, darasinmu na wannan fitowa a kan wani abu ne da masu aikin kwamfuta su ke ce wa rumbun rubutu marar kai. Sunan da ban dariya, amma ku saurara tukuna ku ji amfaninsa.

Ku duba unguwar Limawa, cikin Jimeta, a Ƙaramar Hukumar Yola ta Arewa. Mutanen Jimeta sun san halin kogin Binuwai sarai. A 2012 da 2022 ambaliya ta yi ɓarna mai yawa a Jihar Adamawa, sabo da yawan ruwan sama da kuma sakin ruwan madatsar Lagdo ta ƙasar Kamaru. To, a ce wata makarantar firamare a Limawa ta ga ruwa na ƙaruwa da yamma, hedimasta ya yanke shawara kada yara su zo gobe. Dole labarin ya kai ga iyaye kafin gari ya waye. Waɗansu iyayen Hausa su ke karantawa, waɗansu Fulatanci, waɗansu Turanci. Wani zai duba shafin makaranta na intanet, wani manhajar waya, wani kuwa ƙaramar waya gare shi, sai gajeren saƙo. In malami zai rubuta sanarwa ɗaya sau tara, a wurare dabam dabam, lalle wani wuri za a manta, ko kwanan wata ya saɓa. Yaro ɗan shekara 7 ya kama hanya da asuba ke nan, alhali an rufe makaranta.

Menene Kai, Menene Jiki?

Ko wane shafin intanet kashi biyu ne. Akwai abin da aka rubuta, watau labari da hoto da kwanan wata, shi ne jiki. Akwai kuma fuskar da mai karatu ke gani, da launinta da tsarinta, ita ce kai. A tsarin da aka saba, kamar na WordPress wanda aka fara a 2003, jiki da kai a ɗinke su ke. Rubutun ya zama kamar na alli a jikin allo: ba ka iya kai shi wani aji sai ka ɗauki allon duka.

A rumbu marar kai an raba su. Rubutu na zaune wuri guda kamar dawa a rumbu. Mai mudu ya zo a auna masa, mai kwano ya zo, mai buhu ya zo, dawar dai ɗaya ce. Wurin da a ke miƙo ta mu kira shi taga. A littattafan kwamfuta sunan tagar haruffa uku ne, API. Abin da ke fitowa ta tagar rubutu ne tsurarsa, ba ado, a jere cikin wani tsari mai suna JSON wanda ko wace manhaja ta iya karantawa.

Irin waɗannan rumbuna suna da yawa. Akwai Contentful, na wani kamfanin birnin Balin a Jamus, wanda aka kafa a 2013. Akwai Sanity daga Norwe. WordPress ma ya sami tasa taga a cikin gininsa a Disamba 2016. Mu za mu yi aiki da Strapi, wanda aka fara a Faransa a 2015, domin kyauta a ke ɗaukarsa, kuma makaranta na iya ajiye shi a na'urar da ta ga dama. Fitowarsa ta 5 ta zo a 2024, bayaninta ne ke biye.

Matakan Aiki

Na 1, shiri. Ka sami kwamfuta, ka sa mata Node.js, watau injin da Strapi ke tafiya a kansa. Ka tanadi data da caji isasshe, gama saukar da kayan na ɗaukar lokaci, in wuta ta ɗauke a tsakiya sai an sake.

Na 2, kafawa. Ka buɗe baƙin allon ba da umurni, ka rubuta wannan daidai yadda ya ke:

npx create-strapi@latest

Za ta yi maka 'yan tambayoyi. Wajen ma'ajiya ka zaɓi SQLite, ta isa don koyo. In an gama, ka tayar da shi, ka buɗe wannan adireshi: localhost:1337/admin. Wanda ya fara rubuta sunansa a nan shi ne babban mai riƙon mabuɗi. Sabo da haka kada ka bar wannan ga ɗan maƙwabta don ya iya kwamfuta. A bar shi hannun wanda makaranta ta amince da shi.

Na 3, zana siga. Nan ne aikin malami ya fi na injiniya. Kafin ka taɓa na'ura, ɗauki takarda ka tambayi kanka, me ke cikin ko wace sanarwa? Ga misali gurabe biyar: take, jawabi, rana, aji, hoto. Daidai ya ke da jan layuka a rajistar aji kafin a fara kiran suna. Ka ba gurbin rana nau'in kwanan wata, kada ka bar shi rubutu sake, domin na'ura ta iya jera sabo a gaban tsoho. Sunayen gurabe a rubuta su da haruffa marasa lanƙwasa. Abu ɗaya kuma: na'urar za ta nemi tilo da jam'in sunan sigar. In ka ce sanarwa, sai ta liƙa mata harafin s a ƙarshe bisa al'adar Turanci. Ka gyara da hannunka, ka rubuta sanarwoyi.

Na 4, harsuna. A sashen tsare-tsare ka ƙara harsunan da ka ke so. Ko wane harshe na da alamarsa ta duniya: Hausa ha, Fulatanci ff, Turanci en. Sa'an nan ka koma kan sigar sanarwa ka yarje mata ta ɗauki harsuna da yawa. Daga nan sanarwa ɗaya ta zama mai riga uku. Amma fa gurbin rana ka ce ya zama ɗaya ga dukan harsuna, don in an gyara shi sau ɗaya ya gyaru ko'ina. Cikin jawabi kuwa ka rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata, da ŋ na Fulatanci, tsarin UTF-8 na ɗauke da su duka. Bari da ɓari ba ɗaya ba ne. Wanda ya rubuta wa iyaye a ɓari a maimakon a bari ya ja wa kansa magana.

Na 5, izini. Mutanen cikin gida matsayi uku ne: babban mai mabuɗi, da mai tacewa, da marubuci. Malamin aji ya zama marubuci, ya rubuta ya ajiye. Hedimasta ya zama mai tacewa, shi ne zai karanta ya danna a fitar. Abin da ba a fitar ba, taga ba ta miƙa shi ga kowa. Mutanen waje kuwa, tagar a rufe ta ke gare su tun farko. Ka je wurin izinin jama'a, a ƙarƙashin sanarwa ka sa alama a kalmomi biyu kaɗai, find da findOne, watau duba jeri da duba guda ɗaya. Kada ka kuskura ka taɓa na ƙirƙira ko na sharewa. Wanda ya yi haka ya bar ƙofar ofis a buɗe da hatimin makaranta a kan tebur.

Na 6, ɗora kai. Yanzu ka gwada tagar da wannan adireshi:

localhost:1337/api/sanarwoyi?locale=ha

In ka ga rubutunka cikin baka da waƙafi, aiki ya yi. In ka ga lamba 403, ba ka ba da izini ba. In 404 ce, duba adireshin, akwai kuskuren harafi. In jerin ya fito wayam, hedimasta bai danna a fitar ba. Hoto ba ya biyowa sai an roƙe shi, sai ka ƙara &populate=hoto a ƙarshe. Kuma sanarwa 25 ta ke miƙowa a tashi ɗaya, sauran sai an nemi shafi na gaba. Mai gina shafin makaranta zai rubuta 'yan layuka da JavaScript waɗanda za su je tagar nan, su karɓo take da jawabi da rana, su jera su. Mai manhajar waya ma tagar nan zai zo. Gajeren saƙo kuwa rumbu ba ya aika shi da kansa. Akwai wani ɗan aike a cikinsa wanda a kan saita, da zarar an fitar da sanarwa ya sheda wa wata manhaja, ita kuma ta miƙa wa kamfanin aika saƙo, wanda a ke biya.

Na 7, fita waje. Duk abin da mu ka yi a kwamfutarka ya ke, ba mai ganinsa sai kai. Don iyaye su gani, sai an ɗora shi a uwar garke wadda ba ta barci, a kuma sauya ma'ajiya zuwa mai ƙarfi kamar PostgreSQL. Wannan na cin kuɗi ko wane wata. Ka gama zanen siga kafin ka fita, gama gyaran siga a wurin gwaji a ke yinsa, sa'an nan a sake ɗorawa.

Gargaɗi

Abu uku zan ja kunnenku a kai. Na fari, sirrin yara. Nijeriya ta yi dokar kare bayanan mutane a 2023. Makin jarrabawa, da lambar wayar iyaye, da hoton yaro ba da yardar iyayensa ba, kada ko ɗaya ya bi ta tagar jama'a. Na biyu, ajiye kwafin rumbun a wani wuri dabam ko wane mako, rigakafi ya fi magani. Na uku, kada a yi don a ce an yi. Makarantar da shafi ɗaya gare ta, da harshe ɗaya, ba ta kuma da mai gina mata kai, tsohon tsari ya ishe ta. Rumbu marar kai ba ya nuna wa iyaye kome sai wani ya gina masa fuska. Kuma ko an kafa shi, kada a raina allon ƙofar makaranta da mai unguwa, domin ba ko wane gida ke da waya ba.

Aikin Yi

1. Zana a takarda sigar jadawalin jarrabawa. Gurabe nawa za ka sa, kuma wane ne zai zama ɗaya ga dukan harsuna?
2. Malam ya rubuta sanarwa, amma taga ta miƙo jeri wayam. Faɗi dalili.
3. Rubuta sanarwar rufe makaranta sabo da ambaliya, kada ta wuce kalma 30, da Hausa da wani harshe guda na Adamawa.

Ku yi waɗannan ku uku uku, ku kai wa malaminku ya duba. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya iya jan layin rajista da kyau, rabin aikin nan ya riga ya iya.