Darasi na 14: Neman Gidan Haya a Baƙon Gari

Gabatarwa

Wata rana, bayan ka gama karatu, mai yiwuwa aiki ya kai ka garin da ba ka taɓa kwana a cikinsa ba. Ana iya tura ka yi wa ƙasa hidima, ko ka sami aikin koyarwa, ko ma'aikatarku ta ɗauke ka daga Ibadan ko Inugu ta mayar da kai Kano. Abu na farko da zai tsaya maka a rai shi ne wurin da za ka ajiye kayanka ka kwanta. A wannan darasi za mu ɗauki birnin Kano a matsayin misali. Karanta bayanin da ke biye a hankali, sannan ka amsa tambayoyin da ke ƙarshe.

Karatu

Hausawa na cewa baƙo makaho ne, ko da yana da ido. Saboda haka kada ka yi gaggawar biyan kuɗin haya a ranar da ka sauka. Ka nemi masauki na ɗan lokaci a wurin ɗan'uwa ko abokin aiki, ka yi mako ɗaya ko biyu kana zagaya gari kana tambaya. A Kano, kamar sauran manyan biranen Nijeriya, an saba biyan kuɗin hayar shekara guda a dunƙule. Idan ka biya sannan ka gane ka yi kuskure, da wuya kuɗinka su dawo.

Ka fara da sanin inda wurin aikinka yake, domin Kano gari ne mai faɗi. Wanda zai yi aiki a sabon mazaunin Jami'ar Bayero da ke kan titin Gwarzo, zai fi samun sauƙi idan ya zauna a Rijiyar Zaki ko Kabuga. Ma'aikacin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke titin Zariya kuwa, sai ya duba Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni. Masana'antu sun fi yawa a Bompai da Sharaɗa da Challawa. Tun shekarar 2013 aka hana haya da babur a birnin, don haka yawancin ma'aikatan da ba su da abin hawa a-daidaita-sahu suke shiga, kuma kuɗinsa yana ƙaruwa gwargwadon nisan tafiya.

A nan ne baƙi da dama suke yin kuskure, domin kuɗin haya kaɗai suke dubawa. Mu ƙaddara kana aiki a titin Gwarzo, aka nuna maka gidaje biyu. Na farko yana Rijiyar Zaki, ana neman naira 400,000 a shekara, kuma naira 400 za ta kai ka aiki ta dawo da kai. Na biyu yana Hotoro, can gabashin gari, naira 300,000 ne, amma kullum sai ka kashe naira 1,200 a hanya. Idan kana zuwa aiki kwana 240 a shekara, gidan farko zai ci maka naira 496,000, na biyu kuwa naira 588,000. Waɗannan alƙaluma misali ne kawai, amma sun nuna cewa gidan da ya fi araha a baki yana iya fin tsada a aljihu. Ba a ma sa gajiya da makara wajen aiki a cikin lissafin ba.

Bayan nisa, sai ruwa da wuta. Ka tambaya ko gidan yana da famfo, ko rijiya, ko rijiyar burtsatse. A unguwanni da yawa mutane sun dogara ne ga 'yan garuwa, masu tura jarkoki a kura, kuma wannan ma kuɗi ne da za su riƙa fita kullum. Game da wuta, ka duba ko akwai mita mai kati, ka kuma tabbatar wanda ya tashi bai bar bashi ba. Kada ka manta da zafin bazara, daga watan Maris zuwa Mayu. Ɗakin da ba shi da isassun tagogi ba ya kwantuwa a wannan lokaci. Idan kuma da rani ka je duba gida, ka lura da gindin bango. Shatin ruwa a jikinsa alama ce cewa gidan yana shan ruwa da damina, musamman a watan Agusta.

Abu na gaba shi ne mutanen da za ka zauna da su. Kowace unguwa da irin zamanta. An kafa Sabon Gari tun farkon zamanin Turawan mulkin mallaka domin baƙi, kuma har yau akwai Ibo da Yarbawa da sauran ƙabilu masu yawa a can, da majami'u da abincin da ɗan kudu ya saba da shi. A cikin birni da unguwannin da Hausawa suka fi yawa, za ka fi saurin ƙwarewa a harshen Hausa, amma wajibi ne ka kiyaye al'adar wurin. Namiji ba ya shiga gidan matan aure sai da izini. Ana yin sallama a ƙofa. Ana gaida dattawa safe da yamma. Wasu masu gidaje ba sa ba marar aure haya a gidan iyali, don haka ka faɗi gaskiyar halinka tun da fari. Yana da kyau ka koma unguwar da dare, ka ga yadda take bayan kowa ya dawo gida, ka kuma je ka gaida mai unguwa.

Daga ƙarshe sai maganar biya. Yawanci dillali ne yake haɗa mai gida da ɗan haya, a ba shi la'ada. Ka yi ciniki a kan la'adar tun kafin ku fita yawon duba gidaje. Kada ka ba da ko kafin alƙalami sai ka shiga gidan da ƙafarka, ka kuma ga mai gidan ko wakilinsa ido da ido. An sha karɓar kuɗin baƙi a kan gidan da tuni aka ba wani. Idan za ka biya, ka biya a gaban shaidu, ka karɓi rasit, a rubuta yarjejeniya da ta nuna ranar shiga, da ranar ƙarewar haya, da wanda gyara yake kansa.

Tattaunawa

Ga hirar wani sabon malami da dillali. Ku karanta ta bibbiyu a aji.

Malami: Salamu alaikum. Barka da rana, Alhaji.
Dillali: Wa alaikumus salam. Barka kadai, Malam. Me ake bukata?
Malami: Ciki da falo nake nema, kusa da Kabuga.
Dillali: Akwai wani mai kyau, amma ana rububinsa. Kawo wani abu in riƙe maka.
Malami: A yi haƙuri, Alhaji. Gani ya kori ji. Mu je in duba tukuna. Akwai ruwa a gidan?
Dillali: Akwai rijiya a tsakar gida.
Malami: Madalla. Ina kuma so in gana da mai gidan.
Dillali: Ba laifi. Bayan la'asar yana nan.

Sababbin Kalmomi

Dillali: mai shiga tsakanin mai kaya da mai saye ko mai haya.
La'ada: ladan da ake ba dillali.
Kafin alƙalami: ɗan kuɗin da ake fara bayarwa don tabbatar da ciniki.
Ciki da falo: ɗakin kwana haɗe da ɗakin zama.
Ɗan garuwa: mai sayar da ruwa gida-gida.
A dunƙule: gaba ɗaya, a lokaci guda.
Rububi: mutane da yawa su nemi abu ɗaya cikin gaggawa.

Nahawu: Kwatanci da "fi"

Idan za a kwatanta abu biyu a Hausa, ana amfani da aikatau "fi". Abin da aka fi shi ne yake biyo baya, sannan a kawo siffar da ake magana a kanta.

Wannan gida ya fi wancan tsada.
Kabuga ta fi Hotoro kusa da jami'a.
Ɗakunan bene sun fi na ƙasa iska.

Wajen korewa ana iya amfani da "kai": Wancan gida bai kai wannan tsada ba.

Auna Fahimta

1. Me ya sa bai kamata baƙo ya biya kuɗin haya a ranar da ya sauka ba?
2. A misalin da aka kawo, wane gida ne ya fi tsada a ƙarshen shekara, kuma da naira nawa?
3. Me shatin ruwa a gindin bango yake nunawa?
4. Kawo al'adu biyu da baƙo zai kiyaye a unguwar Hausawa.
5. Waɗanne abubuwa uku ne ya kamata yarjejeniyar haya ta ƙunsa?
6. Bayyana ma'anar waɗannan karin magana, ka danganta su da darasin: "Matambayi ba ya ɓata" da "Araha ba ta ado".

Jinga

Wani abokinka Bahaushe ya sami aiki a garinku. Rubuta masa wasiƙa mai layi goma sha biyar, ka kwatanta masa unguwanni biyu, ka faɗa masa wadda ta fi dacewa da shi da dalilanka. Yi amfani da "fi" aƙalla sau huɗu.